Kilo Arba'in

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi a Tambuwal, kuma duk cikin darussana babu wanda nake ji da shi kamar darasin awo. Giram dubu kilo ɗaya, kilo dubu tan ɗaya. Nakan tsaya gaban allo in gaya wa yara cewa ido yana ƙarya, hannu yana ƙarya, sikeli ne kaɗai ba ya ƙarya. Na fara da wannan ne don in ka ji abin da na aikata kada ka yi mini uzurin jahilci. Da sanina na yi.

Matata 'yar Sarkawa ce daga ƙasar Kebbe. Kebbe ta jihar Sakkwato nake nufi, ba jihar Kebbi ba, ko da yake ruwa bai san wannan iyakar ba, don gulbin Zamfara da ke bi ta wajensu shi ne ke gangarawa Jega. In damina ta yi albarka gulbin yakan tumbatsa ya cika tafukkan fadama, ya janye ya bar kifi a ciki. Daga nan sai Sarkin Ruwa ya hana taɓa tafki, kifi ya yi ta cin junansa yana ƙiba har bazara, ruwa ya ja baya, sannan a sa ranar su. Mutanen Tambuwal sun san na tafkin Romo. Na surukaina bai kai shi suna ba, kuma ba zan faɗi sunansa ba, saboda har yanzu ina zuwa gaisuwa garin.

A gidan surukaina yaro kan iya iyo kafin ya iya ɗaura tazuge. Ni kuwa ruwan da na fi sabawa da shi na buta ne. Ƙanin matata, wanda al'ada ta ba shi lasisin yi mini duk rashin kunyar da ya ga dama, tun ranar ɗaurin aure ya naɗa ni Sarkin Ruwan Randa. Ina dariya in ya faɗa. A ciki kuwa abin yana ci na.

Sai ga shekarar 2023, Hilda Baci ta yi girki a Legas na awa 93 da minti 11, sunanta ya shiga kundin Guinness, ƙasa ta rikice. Wannan zai yi waƙa kwana da kwanaki, wancan zai yi wankin kaya har ya faɗi. A ɗakin malamai ni na fi kowa zagin abin. Na ce rashin aikin yi ne da son a sani. Da dare kuma in kwanta rigingine ina ƙirga abin da ni zan iya yi wanda ba a taɓa yi ba. Ban samu ba. Abin dai ya kwanta a raina kamar gaiwa a cikin taɓo, yana jiran ruwa.

Ruwan ya zo da bazarar da ta biyo. Muka je su ni da iyali, na ce bana ba kallo zan yi ba, shiga zan yi. Aka ara mini gora da homa. Masunci na gaske yakan kwanta bisa gora kamar wanda ya hau gadon uwarsa, homa a hannu, yana tafiya da ƙafa kawai. Ni da na kwanta bisa tawa sai ta juya ta hau kaina. Na sake, ta sake. A karo na uku na ga ba dole ba ne, na rungume ta a hammata na tsaya inda ruwa ya kawo mini cibiya, cikin yara da wasu tsofaffi biyu masu laluben tarwaɗa a gindin ciyawa. Can tsakiya kuwa ana ta kiɗa, ruwa ya koma kunu, ba ka ganin komai sai goruna da kawuna.

Ashe a can an rutsa da wani giwan ruwa, ya kuɓuce, ya yanko gefe a guje yana neman inda babu masunci. Ya kuwa dace, don ni ya samu. Wani abu ya doki ƙwaurina kamar an jefo turmi, ƙafafuna suka bar ƙasa, na faɗa da homa da komai a kansa. Ban san abin da ya faru a ƙarƙashin ruwa ba. Na san na sha tafkin nan har na ƙoshi, na kuma san da kaina ya fito abin da na ce shi ne, "Kada! Kada!" Ƙanin matata ya iso, ya lalubo, ya zura igiya ta bakin kifin ya fitar ta kunne, ya ja shi tudu. Sannan ya komo ya ɗauko ni. Na lura da wanda ya fara fitarwa.

Amma ka san zuciya. Kafin in gama amayar da ruwan da na sha, labarin ya soma gyaruwa a kaina. Ai homata ce ta rufe shi. Ai nauyina ne ya danne shi. Ihun da na yi ma, in an duba da kyau, kiran a kawo igiya ne. Ga kifi kwance yana sheƙi kamar sabon kwano, baki kamar na tulu, mutane sun yi da'ira. Na sunkuya na ɗaga shi, jijiyar wuyana ta miƙe, na ajiye, na dubi jama'a da muryar da nake faɗar sakamakon jarrabawa na ce, "Kilo arba'in."

Wani mai sayen kifi da ya zo da mota da ƙanƙara ya taya naira dubu hamsin nan take. Na ce masa wannan ba na miya ba ne, na tarihi ne.

Na ja kifina zuwa inuwar da Sarkin Ruwa yake zaune, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, ina littafin da ake rubuta manyan kifayen tafkin nan? Ina so a shigar da wannan."

Ya dube ni, ya dubi kifin, ya ce, "Littahi? Malam, mu nan ba mu da littahi. Wanda dai munka sani, shekarar da ruwa yac ci gada an kama wani, mutum biyu sunka ɗauko shi bisa sanda, wutsiya tana jan ƙasa."

"Kilo nawa ne, ranka ya daɗe?"

"Ya ci da unguwa biyu."

Mai hankali da ya ji wannan sai ya yi godiya ya tashi. Ni abin da na ji shi ne babu wani adadi a rubuce, ke nan duk adadin da na rubuta shi ne na farko, kuma na farko shi ne na ɗaya. Na san na Argungu ba sa'ana ba ne. Can tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara aka yi masa su, ake gwada gwanaye a Matan Fada, kuma a 2020 wanda ya zo na ɗaya kilo 78 ya fitar, aka ba shi motoci biyu da kujerun Makka da kuɗi. To amma Matan Fada gulbi ne. Ni tafki nake magana. A fannin tafki, a ƙasar Kebbe, a wannan shekara, wa ya kai ni? Abin da ya rage kawai sikeli.

Surukina yana gefe, bai ce mini komai ba, don tsakaninmu akwai kunya. Ɗansa ya aiko ya ce, "Baba ya ce a gaya ma Malam kihi ba ya son rana." Na ce a gaya wa Baba na gode, yanzu zan dawo. Lokacin hantsi ne.

Sikelin farko na wani mai sayen hatsi ne a bakin kasuwar garin, irin mai ƙugiya da ake ratayawa a reshe. Muka rataya, allura ta yi rawa ta tsaya a 24. Na ce a sauke a sake. Ta sake tsayawa a 24. Na yi wa mai hatsin bayani cikin natsuwa cewa sikelinsa ya saba da busasshen kaya, bai san ɗanye ba. Ni, mai darasin awo. Ya ce haka ne Malam, ya karɓi naira ɗari biyu.

Na biyu a wani ƙaramin asibiti ne a hanya. Na so a ɗora shi a abin awon jarirai, ma'aikaciyar ta ce in na matso da shi kusa da ƙofa za ta kira mai gadi. Da ta ga na marairaice sai ta fito mini da na manya, wanda ake hawa, ta ajiye a tsakar fili. Dabarar mai sauƙi ce, aji huɗu nake koya wa ita: ka hau da kaya, ka hau babu kaya, ka ɗebe. Na rungumi kifi na hau, ta karanta 111. Zuciyata ta yi fari, don na daɗe ina gaya wa mutane nauyina 75 ne, ka ga kifi ya tashi 36, arba'in ba kaɗan. Na ajiye shi na hau ni kaɗai. Ta karanta da ƙarfi, gaban mata masu jiran awon ciki, "Tamanin da tara." Kifi ya koma 22, ni kuma na ƙaru da 14. Wata tsohuwa a kan benci ta ce ma sha Allahu. A nan na gane da ni aka kamo a Matan Fada a 2020, da wani ya tafi gida da motoci biyu.

Ya kamata in juya daga nan. Sai na ce ai sikelin ƙauye ne, gaskiya tana Tambuwal, inda ake da mai lamba. Na tsayar da ɗan kabu-kabu. Ya ce kuɗin mutum biyu zan biya. Na ce kifi ne. Ya ce, "Ai kai kac ce kilo arba'in na." Na biya. Muka ɗora shi a tsakiya kamar mara lafiya, kansa ta nan wutsiya ta can, muka kama hanya cikin ranar bazarar Sakkwato, wadda ke haura digiri arba'in ba tare da ta nemi shaidar kowa ba. Kifin da ya fito ruwa yana tsiyayar da ruwan jikinsa, santsinsa yana bushewa, nauyinsa yana raguwa. Na san wannan sarai. Amma a bisa babur ɗin nan ji nake kamar ƙaruwa yake yi, saboda cinyoyina sun mutu. Ƙudaje suka raka mu tun daga Kebbe, a hanya 'yan'uwansu suka karɓe su.

A Tambuwal na nufi wurin mai sayar da iskar gas, don sikelinsa mai lamba ne har da ɗigo. Yaron shagon ya shimfiɗa buhu, muka ɗora. 20.6. Na tsaya ina kallon jajayen lambobin nan kamar sun zagi mahaifina. Na ce zan dawo. Na zaga bayan kasuwa wurin masu sayen gwangwan, don na ga suna da babban sikeli. Kowa a garin nan ya san sikelin mai sayen tsohon ƙarfe ba inda ake zuwa neman ƙari ba ne, ni kaɗai na manta. Ya ce 17.

To a nan ne, ina tsaye cikin tarin ƙarafa da kifi mai raguwa, Shaiɗan ya zo, kuma bai sha wata wahala ba. Ba zan ce ban san ƙarshen irin wannan ba. Na san abin da ya faru a Argungu a 2008, da aka ba wani na ɗaya da kifi mai kusan kilo 66, masunta suka yi ƙorafi, aka bincika aka ce kifin ya daɗe da mutuwa kafin a shiga ruwa, aka karɓe kyautar aka kama shi. Na kuma kalli bidiyon nan na Amurka a 2022, a gasar tafkin Erie, inda alƙalin gasa ya farke cikin kifayen wasu gwanaye biyu dunƙulen dalma suka zubo, jama'a suka yi musu ca, daga baya kotu ta ɗaure su kwana goma aka ƙwace jirginsu. Har a aji na ba da labarin, don yara su ji tsoron ha'inci. Duk da haka na ji bakina yana tambayar mai gwangwan nawa yake sayar da kilo.

Ya auna mini kilo uku: notuna, ƙusoshi, da guntun sarƙar babur. Na laɓe bayan wani kango, na buɗe bakin giwan ruwa, wanda Allah ya yi shi da faɗi don haɗiye 'yan'uwansa, na riƙa turawa da kara. Wata akuya ta tsaya tana kallona har na gama. Ban taɓa jin kunyar dabba ba sai ranar.

Na koma wurin mai gas. 22.2. Na yi lissafin a tsaye: 1.6 ya ƙaru. Wato sikelin da ya rage wa kifina kusan kilo huɗu shi ne ya mayar da ƙarfen kilo ɗaya da rabi ya zama uku, kuma ba ni da bakin komawa in yi ƙara. Yaron ya dubi lamba, ya dube ni, ya ce, "Malam, kihin ga ƙiba shi kai bayan ya mutu?" Na ce ɗazu bai kwanta daidai ba. Na sa ya ɗauke ni hoto, na miƙa kifin gaba iya tsawon hannuna don ya cika ido. Hoton ya fito da kifi ƙato, da yatsuna kamar rogo, da rabin fuskata.

Daga nan sai shagon kwamfuta, don a aika wa duniya. Mai shagon tsohon ɗalibina ne. Ya roƙe ni da girman Allah in bar kifin a waje, don akwai yara cike suna buga takardun jarrabawa. Ya bincika ya samo ƙungiyar da ke riƙe da kundin manyan kifaye na duniya, IGFA, da ke Fulorida a Amurka, tun 1939 suke wannan aiki. Duk inda ya rubuta Kebbe sai kwamfuta ta ja masa jan layi. Sannan ya fara karanto sharuɗɗa yana fassarawa da ƙarfi, yaran nan sun toshe hanci sun buɗe kunne.

"Malam, da wace irin sandar fatsa aka kama shi? Sun ce a aika musu da guntun zaren."

Na ce da homa ne.

"Sun ce ban da raga. Wani ya taimaka?"

Na ce ba sosai ba.

"Sun ce ko taɓa zaren wani ya yi, ya ɓaci. Sikelin hukuma ta tantance shi?"

Na ce na mai gas ne.

Ya yi shiru yana gungurawa ƙasa. Can ya ce, "Malam, ga na giwan ruwa nan. A tafkin Nasser na Masar aka kama shi a 2000. Kilo 104." Ya ɗaga kai sama yana motsa leɓe. "Saura kilo tamanin da biyu, Malam." Ni na koya masa ɗebewa, kuma bai kuskure ba.

Wai a nan ma ban haƙura ba. Na ce duniya ta riƙe kundinta, mu buɗe namu. Na sa ya buga mini takarda da manyan baƙaƙe, cewa a rana kaza an kama giwan ruwa mai kilo 22.2 a tafki kaza, da sunana, da gurbin da Sarkin Ruwa zai sa hannu. Ya manna hoton, ya rufe ta da leda. Da na fito na tarar da kyanwoyi uku sun kafa wa kifin majalisa, cikinsa ya soma kumbura, idonsa ya yi fari. Ɗan kabu-kabun da ya yarda ya mayar da mu kuɗin mutum uku ya karɓa, ya ce na ukun na wari ne.

Niyyata in mun isa in ja shi bayan gida in farke shi da kaina, don na gwada zaro ƙarfen ta baki ya ƙi. Sai muka iso ana kiran magariba. Mai ƙanƙara ya daɗe da tafiya. Surukata ta tare ni a zaure, ta shinshina, ta ce in an yi maza ana iya ceton rabinsa a banda, ta sa yara suka ɗauke. Ba a ja-in-ja da suruka. Na bi maza masallaci, na yi sallar da ban san me na karanta a cikinta ba, ana sallamewa na taso. Ina sa ƙafa a tsakar gida na hangi mata sun kewaye babban daro na ƙarfe, matata riƙe da fitila, surukata ta sa wuƙa.

Ƙwal. Ƙwal. Ƙwalalam.

Daron ƙarfe ba ya rufa asiri. Notuna suka riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya suna gangarawa, ƙusoshi suka biyo. Surukata ta sa hannu ta jawo sarƙar babur, ta yi ta ja kamar ba za ta ƙare ba, ta ɗaga ta a hasken fitila. Babu wanda ya yi magana. Matata ba ta dube ni ba, kuma da ta dube ni da ya fi mini sauƙi. Ƙanin matata ya zauna daɓas a ƙasa ya tura hula a baki, kafaɗunsa suna rawa.

Surukina ya shigo da carbinsa. Ya sunkuya ya ɗauki noti ɗaya, ya juya shi, ya auna a tafin hannu. Bai dube ni ba shi ma, ɗansa ya yi wa magana. Ya ce, "Shekara sittin ina su. Na ga kwaɗo cikin giwan ruwa, na ga ɗan agwagwa. Ban taɓa ganin wanda yac ci babur ba. A gaya ma Malam lalle wanga na tarihi na."

Takardar ba ta kai ga Sarkin Ruwa ba. Tana nan a gidanmu, matata ta ce ledar ta fi mafici kama iska in ana hura gawayi. Da na tara kuɗin awo da na kabu-kabu da na ƙarfe da na bugu, da dubu hamsin ɗin da na ƙi, na rufe littafin ban ƙarasa ba.

Bana na koma su, na zauna a tudu cikin masu kallo. Wani saurayi ya fitar da giwan ruwa mai kyau, aka kai gaban Sarkin Ruwa. Ina daga baya na ji wani baƙo yana tambaya ko an taɓa kama wanda ya fi shi. Sarkin Ruwa ya ce an kama, biyu ma. Akwai na shekarar da ruwa ya ci gada, akwai kuma na shekarar da kifin Malam ya ci babur. Baƙon ya ce wane Malam? Mutum wajen goma suka juyo suka nuna ni.

Ƙanin matata ya ce in faɗa maka ɗaya daga cikin notunan ya yi wa babur ɗinsa daidai.